Daga Gindin Tsamiya Zuwa Majami'ar Bene: Yadda Sujada da Hidima Suka Sauya a Ekklisiyoyin Arewa

Duk wanda ya tashi cikin ekklisiyoyin da ke sujada da Hausa a Arewacin Najeriya, har furfura ta fito masa, ya ga zamani biyu da idonsa. Ya ga lokacin da majami'a take ɗakin jinka, wurin zama dakalin ƙasa, mai wa'azi kuma manomi ne da ya ajiye fartanya ran Asabar da yamma. Ya kuma ga zamanin yau, na bene da tayil da janareta da lasifika, da kwamiti bisa kwamiti. Ni ɗan mai bishara ne. Na koyar a makarantar Lahadi, na yi waƙa cikin mawaƙa, daga baya 'yan'uwa suka zaɓe ni dattijo, saboda haka abin da zan faɗa daga cikin gida na gan shi. Ra'ayina shi ne, ekklisiya ta yaɗu a ƙasar nan domin an sauƙaƙa sujada da hidima har talaka ya iya ɗaukarsu da hannunsa ya kai ƙauye na gaba. Duk sa'ad da muka ƙara musu nauyi, masu ɗauka raguwa suke yi.

Farkon al'amari

A watan Disamba na 1893 waɗansu samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Legas da niyyar shigowa ƙasashenmu. Kafin ƙarshen 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida, daga baya kuma Bingham ya koma gida da ƙyar. Sai a 1902 ƙungiyarsu, wadda aka sani da SIM, ta samu wurin zama a Patigi, daga nan ta hauro Kwoi a 1910, ta isa Kaltungo a 1917. A 1900 Bishop Tugwell na ƙungiyar mishan ta CMS da Likita Walter Miller suka kai har Kano, Sarki Alu ya ce su koma inda suka fito. Miller ya zauna a birnin Zariya daga 1905, aikin kuma ya koma Wusasa a 1929. Karl Kumm da mutanen ƙungiyar mishan ta SUM suka kafa sansani a gindin dutsen Wase a 1904. Likita Niels Bronnum, mutumin Denmark, ya fara aiki a Numan a 1913. Ran 17 ga Maris 1923 kuwa, Stover Kulp da Albert Helser suka yi sujadarsu ta farko a Garkida, a gindin wata tsamiya, kuma daga nan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya, wato EYN, ta samo asali.

Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba, don haka gwamnatin mulkin mallaka ta taƙaita shigar mishan cikin masarautun Musulmi. Sai aikin ya karkata zuwa Filato da kudancin Zariya da Binuwai da tsaunukan Adamawa, inda kusan kowane kwari yake da harshensa. Hausa ce ta haɗa kasuwannin waɗannan wurare, ita aka ɗauka. Da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, Berom da Tarok da Bajju da Jaba da Bura da Bachama da Tangale suka samu harshen da za su tsaya gaban Allah tare da shi.

Abu uku ne suka sa sujadar ta fito da sauƙi. Na farko ƙarancin kuɗi, domin SIM da SUM tun asali da gudummawar masu bi suka dogara. Na biyu, ma'aikatansu daga ɗarikoki daban-daban suka fito, sai suka tsaya kan abin da kowa ya yarda da shi: waƙa, addu'a, karatu da wa'azi. Na uku, ƙa'idar da Henry Venn, sakataren CMS a ƙarni na 19, ya koyar, cewa ekklisiyar ƙasa ta riƙe kanta, ta mulki kanta, ta kuma yaɗa kanta. Ekklisiyar da za ta riƙe kanta da gero da gyaɗa, dole ta tsaya kan abin da gero da gyaɗa za su iya biya. Ko a Wusasa, inda sujadar Anglikan take da tsarinta a rubuce, da ƙasa magina Hausawa suka gina majami'ar Saint Bartholomew, ginin soro irin na gida, tana nan tsaye har yau.

Mai bishara

In ana ba da tarihin nan, sunayen Turawa ne suka fi fitowa, domin su ne suka rubuta shi. Amma ɗan lissafi zai nuna waɗanda suka ɗauki kayan. SUM ta fara aiki a 1904, sai a 1938 ta naɗa fastocinta na farko 'yan ƙasa a Filato: Toma Tok Bot na Foron, Bali Falang na Langtang, da David Lot na Panyam. Shekara 34 ke nan. Bayan naɗin ma, mutum uku ba za su iya zagaya ƙauyukan da aka riga aka buɗe ba. Waɗanda suka riƙe ekklisiyoyin su ne masu bishara da dattawa da matansu, mutanen da ba a ɗora musu hannu ba, da yawansu kuma ba su san wani abu wai shi albashi ba.

Makarantar Gindiri da aka buɗe a 1934, da makarantar Littafi Mai Tsarki ta Kagoro, irin waɗannan mutane suka horar. Mutum ya je da matarsa, ya yi karatu, ya kuma noma abin da za su ci. In ya gama, a tura shi ƙauyen da ba a taɓa yin sujada ba. Ya nemi izinin mai gari, a yanka masa gona, ya kafa bukka. Da rana manomi ne kamar kowa. Da dare ya kunna fitilar ƙwai ya koya wa yara da samari abacada, domin a lokacin ana so mai neman baftisma ya iya buɗe Littafi ya karanta da kansa. Mutane da yawa a ƙasar nan ta wannan hanya suka fara sanin baƙi da fari.

Mahaifina ɗaya ne daga cikinsu, kuma har yau ina iya tsara yadda Lahadi take a ƙauyen da muka tashi. Ƙararrawarmu tsohon wilin babbar mota ne da aka rataye a reshen ɗorawa, yaro ya buga shi da guntun ƙarfe. Bugun farko na shiri, na biyu na shiga. Majami'ar da gayya aka gina ta: maza suka kwaɓa ƙasa suka yi tubali, samari suka yanko ciyawa, mata suka ɗebo ruwa suka yi daɓe. Maza a gefe ɗaya, mata a gefe ɗaya, yara a gaba kan tabarma. Littafin waƙoƙi bai wadata ba, sai mai jagora ya karanta baiti, jama'a su rera, ya karanta na gaba. In lokacin addu'a ya yi, Baba yakan ɗaga kai ya ce, "Dattijo, ka yi mana addu'a," ko "Mama, ki miƙa marasa lafiya ga Ubangiji." Wani ya yi da Hausa, wata ta yi da harshen gida, kowa ya ce amin. Faifan baiko ya zagaya, wannan ya sa kobo, waccan ta sa ƙwai, wani kuma ya riga ya jingine damin dawa a bakin ƙofa. Ma'aji ya ƙirga a gaban kowa, ran kasuwa a sayar da hatsin a sayo kananzir da alli. Fasto sai bayan watanni yake zuwa a kan keke, ya yi baftisma a rafi, ya ba da Jibin Ubangiji, ya ɗaura aure, ya wuce ƙauye na gaba. Kafin rana ta take an tashi, da la'asar kuma a rarrabu gaishe da marasa lafiya da tsofaffi.

Babu wani abu a cikin wannan sujada da saurayi mai lura ba zai iya maimaitawa ba, kuma nan ƙarfinta yake. In iyalai suka ƙaura neman gona, ko samari suka tafi haƙar kuza a Bukuru da Barikin Ladi, ko aikin jirgin ƙasa a Kafanchan, ba a daɗewa sai ka ji sun fara taruwa a zauren wani. Ba su jira gini ba, ba su jira fasto ba. Majami'u da yawa da muke alfahari da su a birane yau, a zaure suka fara. Daga irin waɗannan gidaje kuma manya suka fito. Janar Yakubu Gowon ɗan mai bishara ne da ya tashi a Wusasa. Byang Kato na Kwoi, wanda a 1973 ya zama babban sakataren ƙungiyar ekklisiyoyin bishara ta Afirka da Madagaska, a makarantar mishan ta garinsu da ƙungiyar Boys' Brigade ya fara.

Tulu da kacau-kacau

Turawan farko sun yi ɗari-ɗari da ganga da rawa, domin a wurin tsafi da shan giya suka fara ganinsu. Shi ya sa waƙoƙinmu na farko fassara ne daga Turanci, da karin Turawa, wanda sau da yawa bai bi hawa da saukar muryar Hausa ba. Mun ƙaunace su, har gobe muna rera su, amma jiki bai saki sosai ba sai da Zumuntar Mata ta shigo.

Tun kafin a samu 'yancin kai matan ekklisiya suka fara taruwa rana ɗaya a mako don addu'a da koyon karatu da tsabtar gida da renon yara. Da suka tashi yin waƙa, ba su da kuɗin sayen kayan kiɗa, sai suka ɗauko abin da ke tsakar gida: tulu, ƙwarya, shantu da kacau-kacau. Mace ɗaya ta ba da waƙa, saura su amsa. Labarin Nuhu da na Yusufu da na ɓataccen ɗa suka shiga waƙa, matar da ba ta taɓa shiga aji ba ta haddace su tana daka, 'ya'yanta suka koya a bayanta. Sannu a hankali dattawa suka ga amfanin abin, tulu ya samu wurin zama a cikin majami'a, daga baya ganga ta biyo shi.

Hidimarsu ma haka take, ba ta da wani dogon tsari. In mace ta haihu, kafin dangi su iso 'yan zumunta sun kawo itace da ruwa da kunu. In an yi rasuwa, su ne masu kwana a gidan, su ne masu girki, su ne masu zama da gwauruwa bayan kowa ya watse. In damina ta kama tsohuwa ba mai noma mata, sai a sa rana a fita. Asusunsu mudun hatsi ne da 'yan kwabbai. An ce zumunta a ƙafa take, su kuwa sun taka. Ka tambayi duk faston da ya daɗe a aiki, zai gaya maka rufin kwano nawa aka buga da kuɗin mata, da masu bishara nawa suka ci hatsin mata a bakin daji.

Aiki a hannun 'yan ƙasa

A 1948 aka kafa ƙungiyar aika masu bishara 'yan ƙasa, wadda daga baya ta zama EMS. A 1954 ekklisiyoyin da SIM ta kafa suka haɗu suka zama ECWA, a 1955 kuma waɗanda suka fito daga rassan SUM da mishan ɗin Garkida suka ƙulla tarayya a Randa, ita ce TEKAN ta yau. A Nijar, inda SIM ta fara a Zinder a 1924, ta kafa tasha a Tsibiri, ta kuma buɗe asibitin Galmi a 1950, ƙananan ekklisiyoyi masu sujada da Hausa sun bi wannan sawu. Ragama ta sauya hannu, amma hanyar aiki ba ta sauya ba. EMS takan tura mutum da iyalinsa da ɗan abin da ekklisiyoyi suka tara, sauran ya nema a gona. A zamanin da Panya Baba ya jagorance ta, daga 1970 zuwa 1988, ma'aikatanta sun kai ɗaruruwa, har suka tsallaka iyakar Najeriya.

Sai kuma Sabon Rai Don Kowa, wanda aka fara a Jos a 1963, da Gerald Swank na SIM da Wilfred Bellamy na SUM cikin jagorori, bisa wata dabara da aka gwada a Latin Amurka. Tushensa ɗaya ne: kowane mai bi mai shaida ne. Aka kafa ƙananan rukunin addu'a a gidaje, aka raba ɗan littafin jagora, mutane suka fita biyu-biyu. Tela da direba da malamin makaranta da mai tuyar ƙosai, kowa ya samu abin yi. Abin bai buƙaci komai ba sai lokaci da ƙafa, shi ya sa ya ratsa ɗarikoki, kuma har yau da wuya ka shiga majami'ar ECWA ko ta TEKAN mai sujada da Hausa ba ka tarar da 'yan Sabon Rai da gangunansu ba. Da Maguzawa suka fara shiga ekklisiya da yawa a ƙauyukan Kano da Katsina da Zariya a shekarun 1970, da zana da jinka aka sake farawa, kamar yadda aka yi a Filato shekaru da dama kafin nan.

Lokacin da kaya ya fara nauyi

Sauyin bai zo rana ɗaya ba. Kuɗin man fetur na shekarun 1970 ya ja 'ya'yanmu zuwa Kaduna da Jos da Kano, daga baya Abuja. A 1976 SIM ta miƙa wa ECWA ragamar ayyukanta, sauran ƙungiyoyin mishan ma suka yi ta miƙa nasu. Ekklisiyoyi suka gaji asibitoci da makarantun tauhidi da ofisoshi da motoci, abubuwan da damin dawa ba zai iya riƙewa ba, dole kason da kowace majami'a ke aikawa gunduma da hedkwata ya ƙaru. A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo tsarin tattalin arziki na SAP, naira ta faɗi, rayuwa ta yi tsada. A daidai wannan lokaci sababbin coci-coci masu sujada da Turanci suka bunƙasa a birane, da jita da piyano da shirye-shiryen talabijin, waɗansu kuma da wa'azin cewa dukiya ce alamar albarka. Matasanmu suka fara zamewa can. Tsoron rasa su ya sa tsofaffin ekklisiyoyi suka shiga kwaikwayo, wani lokaci ba tare da an tsaya an auna ba.

Ga abin da ido ke gani yau a wurare da yawa. Sujadar da a dā ba ta kai awa biyu ba, yanzu takan doshi huɗu, sanarwa da gabatar da manyan baƙi da baiko kashi-kashi sun cinye lokacin wa'azi. Ga baikon gini, ga na man janareta, ga ƙaddamarwa inda ake kiran suna da adadi ta lasifika, mai naira ɗari ya sunkuyar da kai. Makaɗin piyano a dā yaron gida ne, yanzu sai an biya shi, in wata majami'a ta ƙara masa ya koma can. Ƙarar na'ura ta danne muryar jama'a, mutane suna tsaye suna kallon 'yan ƙalilan suna waƙa a madadinsu. Sharar majami'a da ake yi rukuni-rukuni ran Asabar ta koma hannun ɗan ƙwadago. Ziyarar marasa lafiya ta zama aikin kwamiti, kwamitin kuma yana jiran a fitar masa da kuɗin mota. 'Yan kaɗan da suka rage masu sa kai, su ne a kowane kwamiti, daga Litinin zuwa Asabar suna majami'a, har iyalansu su fara ƙorafi, gajiya ta sa su ajiye aikin gaba ɗaya.

A wata majami'a da na yi dattijo, mun lura wata gwauruwa, tsohuwar 'yar zumunta mai murya, ta daina zuwa. Muka je gaishe ta ni da matata. Bayan an gaisa, matata ta ce, "Mama, lafiya kwana biyu ba ma ganinki?" Ta yi shiru, can ta ce, "Lafiya lau, 'yata. An fitar da sabon zanen zumunta, ga na taron gunduma, ga kuɗin rajista. In na zo da tsohon zane ba na shiga layin waƙa, a baya nake zama. Gara in yi addu'ata a ɗaki." Matar nan ta yi shekaru tana kwana a gidajen makoki, tana yi wa masu jego hidima. Ba wanda ya kore ta, ba kuma wanda ya yi niyyar korarta. Tsarin ne ya yi tsada har ya fi ƙarfinta. Da matan zumunta suka ji, hankalinsu ya tashi, suka saya mata zanen, suka kuma yanke shawara ba za a ƙara hana kowa layi saboda zane ba. Amma irinta nawa ne waɗanda ba a je gaishe su ba?

Ba ina cewa a koma jinka ba. Majami'a mai mutum dubu tana buƙatar lasifika domin tsoho mai nauyin kunne ya ji. Rufin kwano ya fi ciyawa, ba ya yoyo, ba ya kama wuta da sauri. Fasto mai ilimi alheri ne, ya kuma cancanci albashin da zai riƙe iyalinsa. Na ga masu bishara na zamanin mahaifina da suka tsufa ba su da gidan kansu, 'ya'yansu suka bar makaranta don rashin kuɗi. Wannan abin kunya ne a kanmu, kada wani ya lulluɓe shi da sunan tawali'u. Matasa ma suna da hakkin yabon Allah da kayan kiɗan zamaninsu, kamar yadda iyayenmu mata suka yi da tulu. Ma'aunin dai shi ne: abin da muka ƙara, ya sa mutane da yawa sun sa hannu, ko ya mai da su 'yan kallo? Ya buɗe wa talaka ƙofa, ko ya sa masa kuɗin shiga?

Abin da wuta ba ta ci ba

Wahala ta ba mu amsar da ba mu nema ba. A rikicin Kafanchan na 1987, da na Kaduna na 2000, da na Jos na 2001, an ƙone wuraren ibada na Kirista da na Musulmi, an yi asarar rayuka ta kowane ɓangare. Sannan Boko Haram ta zo, ba ta bar majami'a ba, ba ta bar masallaci ba. EYN ta sha wuya ƙwarai. Yawancin 'yan matan Chibok da aka sace a watan Afrilu na 2014 'ya'yanta ne, a watan Oktoba na shekarar kuma aka mamaye hedkwatarta a Kwarhi kusa da Mubi, shugabanninta suka koma Jos na ɗan lokaci. Jama'a suka watsu zuwa Yola da Jos da Abuja da sansanin Minawao a Kamaru.

Ba wanda ya gudu da janareta a kansa. Abin da suka tafi da shi shi ne abin da ke cikin zuciya: waƙoƙin da aka haddace, ayoyin da aka koya a makarantar Lahadi, da sabon da aka yi cewa kowane dattijo zai iya jagorantar addu'a, kowace mace za ta iya ba da waƙa. A gindin itatuwa da azuzuwan makarantu da cikin tantuna sujada ta ci gaba. Matan zumunta suka sake haɗa kansu suna raba ɗan abin da ya samu, suna kula da marayu. EYN, ekklisiyar da ta riƙe al'adar wankin ƙafafun juna, bisa abin da Yesu ya yi wa almajiransa, ba ta rasa sanin yadda ake hidima da hannu wofi ba. Haka 'yan'uwa a Zinder da Yamai suka yi bayan ƙone-ƙonen majami'u na Janairun 2015, suka taru a inda toka take suka yi sujada. A 2020 ma, da cutar korona ta sa aka rufe majami'u, gidan da uba ko uwa suka saba buɗe Littafi su yi addu'a da yara bai rasa sujada ba. Waɗanda suka saba sai an yi musu ne suka rasa abin yi.

Kira ga 'yan'uwa

Ya ku fastoci, ku rage abin da ba dole ba domin Maganar Allah ta samu fili, ku kuma koya wa mutane aikin da kuke yi, har in ba ku nan kada sujada ta tsaya. Ya ku dattawa 'yan'uwana, kafin mu amince da sabon gini ko sabuwar na'ura, mu fara tambaya ko mai bisharar da muka tura ƙauye ya samu haƙƙinsa, ko gwauraye da marayun cikinmu sun ci abinci. Mu bayyana lissafin baiko a fili yadda iyayenmu suka yi, mu daina kiran adadin abin da mutum ya bayar ta lasifika. Iyayenmu mata na zumunta, kada zane ko rajista su raba ku da wadda ba ta da shi. Ku matasa, ku kaɗa kayanku da murna, amma ku sassauta ƙara domin a ji muryar jama'a, ku kuma je wurin tsofaffi ku koyi waƙoƙin tulu tun masu su suna da rai.

A raba hidima ƙanana-ƙanana yadda mai aiki da mai goyo da ɗalibi za su iya ɗauka: wannan ya share, wannan ya koyar da yara, waccan ta ziyarci mai jego. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, hannuwa da yawa kuma ba sa zuwa sai an ba su wuri. Kai kuma mai karatu, ba sai an naɗa ka a kwamiti ba. Ran Lahadi mai zuwa ka duba wanda aka saba gani amma ba ya nan, ka nemi gidansa, ka je ka gaishe shi.